Sistar da ta yi cinikin ɗana a kasuwar Woolwich

Da safen nan ina cikin jera doya a rumfata, nan ƙasar Turawa, aka bugo mini waya. Sista Bernadette ta rasu. Na zauna a kan kwali.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce ta ƙarshe cikin sistocin makarantar Katolika da ɗana Dauda ya yi. 'Yan ɗarikarsu ne suka kafa ta tun zamanin kakanni, don 'ya'yan leburori 'yan Ireland. Yau ka leƙa aji, yaranmu ne cike. Sista ta koyar a Jos tana da ƙuruciya, shi ya sa Hausarta irin ta mutanen da ce.

Shekarar da babansa ya rasu, Dauda ya birkice. Faɗa, tsallake katanga, suspension. Na gaji. Na yi booking ɗin tikitin jirgi, na ce Kagoro zai koma wajen kawunsa, can za a gyara masa zama.

Wata Asabar sai ga tsohuwar nan a rumfata, tana dogara sanda.

"Maman Dauda, ki bar mini shi shekara ɗaya."

Na ce, "Sista, wata ɗaya, shi ma don ke ce."

"Term biyu."

"Albarka."

Ta juya ta kama hanyar tasha a hankali, ko waiwaye babu. Jama'a, wannan wasan kullum masu saye suna yi mini ina dariya. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Haba Sista, dawo mana! Term ɗaya, na sallama."

Ta dawo tana murmushi. "Na saya. Gyarata kuma, ki daina yi masa ihu a gaban mutane."

Ni aka yi wa haka, a rumfata!

Makullin chapel, ɗakin addu'ar makaranta, ta damƙa masa, yaron da ko makullin flat ba na ba shi. Kowace safiya shi ke buɗewa, su sha shayi tare. Har yau ban san me suke tattaunawa ba. Term bai ƙare ba na yi cancel ɗin tikitin.

Watan jiya na je duba ta a care home, gidan kula da tsofaffi, a Abbey Wood. Ta rame, da ƙyar ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaron nan yana cin abinci kuwa?" Na ce Sista, yaron har ya haifi nasa. Ta yi dariya har da tari.

Ɗazu na kira Dauda a asibitin da yake aikin nas. Ya ce, "Mummy, I'm coming." Bas ɗaya ce tsakanina da shi, kuma Sista ce sila.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta madawwamin hutu. Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a.