Ƙafar Kawu a Tafkin Madarumfa

Ana sallame asuba muka bar Maraɗi muka nufi Madarumfa, garin Kawu, ni da ƙanwata a baya, Kawu a gaba kusa da direba don ya miƙe ƙafa. Kawu tsohon masunci ne. Tun da aka fara yi masa wankin ƙoda a asibiti ya tare wurinmu, bai sake ganin gida ba. Likita ya ba shi wuni guda tsakanin wanki da wanki, ni kuma aka ɗora mini aikin da kowa ya guda, wato tsaron abin da zai kai bakinsa.

Dalili kuwa hoton ƙafarsa ne da aka ɗauka, wanda a nan muke kira radiyo. Jijiyoyin jini sun fito fari fat. Kawu har ya yi murna, wai cikinsa tsaf yake. Likita ya ce ba haka ba ne. Ƙoda in ta gaza, ba ta iya fitar da wani sinadari da ake kira fosfor. Sai ya haɗu da kalsiyom su daskare a bangon jijiya, irin farin abin nan da ke kama cikin butar shayi. Jijiya ta sandare, jini ya kasa isa yatsu. Tsufa na ƙara abin, haka ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, da daɗewa ana wanki, kuma Kawu duk ya haɗa, har da tabar da ya bari a makare. Abinci da magani kaɗai suka rage a hannunmu. In babban yatsan da ya fara duhu ya ci gaba, sai an yanke.

Hanya ba laifi, in ban da amalanken jakai na mutanen Safo, ɗauke da wake da kara, waɗanda ba su san hon ba. A tasha masu talla suka rufe mu da baƙin lemon kwalba mai sanyi, irin wanda likita ya hana. Kawu ya miƙa hannu, na girgiza kai.

"Tun yanzu?" in ji shi.

"Tun yanzu, Kawu."

Gaskiya Madarumfa ba garin da za a kai mai irin wannan ciwo ba ne. Ƙanshin kifin banda ke tarbar mutum tun kafin ya ga ruwa. Duk wanda ya zo gaisuwa da kwanonsa ya zo, busasshen kifi ko fura da nono, duk cikin abin da likita ya ce a rage. Mai da kwano kuwa cin fuska ne. Sai na riƙa karɓa da godiya ina miƙa wa ƙanwata, ita kuma ba ta ba mu kunya ba.

Da azahar matar Kawu ta fiddo wata kwalbar ƙwayoyi da take sayowa a Ɗan Issa, maganin ƙarfin ƙashi. Ashe ta daɗe tana aika masa cikin wankakkun tufafi. Na duba, kalsiyom ne da bitamin D.

"To ba ƙashi ka yi mishi ciwo ba?" ta ce.

Na ce ƙashi ne, Inna, amma ga mai ciwon ƙoda, in ba likita ya auna ba, abin na iya barin ƙashi ya tafi jijiya. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta miƙo mini. Ta ba ni tausayi ƙwarai.

Da la'asar muka kai shi bakin tafki. A da, in ji abokansa, da tafin ƙafa yake gane inda ruwa ya sauya sanyi, nan yake jefa koma. Ya cire takalmi ya tsoma ƙafar. Na so hana shi, na fasa. Can ya waiwayo.

"Ɗana, ruwan da sanyi?"

Na sa hannu. "Da sanyi, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya mai da takalminsa.

Mun iso Maraɗi ana kiran magariba, mota na warin kifi. Tafiyar ta nuna mini cewa ciwon nan ba da mugunta ake ciyar da shi ba, masu son mutum ne ke kawo masa abin a kwano. Da na durƙusa cire wa Kawu takalmi, sai ga tsakuwa a ciki, ta yi masa shaida a ƙarƙashin yatsa. Tun bakin tafki yake takawa a kanta, bai sani ba.