Hedda Mai Hana Mesa Abinci

Ƙarfe shida na safe Hedda Rolfs take jingine kekenta a ƙofar gidan ajiyar macizai da ke bayan garin Oldenburg, ta fito da ɓeraye daga firiza ta jiƙa su a ruwan ɗumi. Ba ta wuce ɓera shida, alhali mesa arba'in da ɗaya ke gidan, duk irin boa ɗin nan da mutane ke saya tana 'yar siririya, su dawo da ita ta kai cinyar ƙato kauri. Shekara ashirin da tara tana wannan aiki, kuma rabinsa hana abinci ne. Wa ke gode wa mai hanawa?

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Yatsunta sun ƙage, da kyar take riƙe awartakin da ake miƙa ɓera da shi.

Ni kunya ce ta haɗa mu. Da ƙanena Eike ya rasu, mesarsa Lotte ta dawo hannuna, ni kuwa ban san abin da ake yi wa macijiya ba sai ciyarwa. Duk Lahadi ɓera. In ta yi saɓa in shimfiɗa fatar in auna, in ga ta ƙara tsawo, in sayo ɓeran da ya fi girma. Bayan shekara biyu ta fara amayar da duk abin da ta haɗiye.

Da na kai ta gidan macizan, Hedda ta dubi takardar awona, ta dube ni.

"Fata ka auna? Kai dai, Malte! Saɓa ai miƙewa take kamar tsohuwar safa." Ta bi bayan Lotte da zare, sai ga shi ta gaza lissafina da kusan rabin mita. "Babbar boa sau ɗaya a wata ya ishe ta. Wannan duk kitse ne, ya danne mata hanta."

"Mutuwa za ta yi?"

"Ina na sani? Tafi gida. Kai ke jin yunwa, ba ita ba."

Na ji zafin maganar har raina, don gaskiya ce.

Likitan dabbobin gidan, Ahlers, ya gaya mini shi da allurar mutuwa zai yi mata kowa ya huta. Hedda ta ƙi. Wata uku ba abin da take ba ta sai ruwa da ɗumi. Har ranakun hutunta ana ganinta ta zo tana ɗingishi, ta dube ta, ta koma.

Ke ce, Hedda, kika sha zagin masu macizai a waya, suna kiranki mara imani. Ke ce kika gaji har kika daina musu da su, amma ba ki ƙara ɓera ɗaya don a so ki ba. Mun gode, jaruma.

Makon jiya Lotte ta haɗiyi ɗan ƙaramin ɓera, kuma ya zauna. Masu boa, ku koyi jira daga matar nan, domin har yau gidan bai sami magajinta ba.

Jiya Hedda ta ce in zo in ɗauki Lotte. Ciyarwa ta gaba sai bayan mako biyar, ta rubuta mini ranar a jikin akwatin da ta saka ta ciki. Lahadi huɗu ke nan da zan zauna gaban abin da Eike ya bar mini hannu rabbana, kuma ba Hedda da za ta tsawata mini. Wallahi tsoro nake ji.