Mailafiya a Motar Mina

Duk wanda ya taɓa cin tuwon shinkafa da miyar taushe a bayan layin kantunan Aziziyya, hannun Mailafiya ya ci, ko bai sani ba. Shekara goma sha tara yana tuƙa tuwo a gidan Hajiya Rumasa'u, Basakkwaciyar da ke sayar wa alhazai abinci. Da bizar Umara ya shigo Makka daga Kano, ya zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai.

Ɗan daudu ne, to sai me? A titi ba za ka gane ba: jallabiya fara, gemu, tafiya a sandare kamar wanda ya haɗiye muciya. Sai ya shiga madafa ya rufo ƙofa yake sakin jiki, ya ɗaura zani a ƙirji, su tafa da matan gidan, suna kiransa ƙawa. Larabawa Takari suke gani, alhazai kuwa suna ce masa ɗan Makka har suna neman addu'arsa. Abin da ke hana shi sakewa guda ne, kada a kama shi a mayar da shi Kano. Can yayansa Ma'aruf ya rantse a gaban dangi cewa ko gawarsa ba za ta shiga gidan ubansu ba, kuma Ma'aruf ba ya rantsuwar banza.

Bana aka tsaurara bincike, ba mai shiga Mina sai da tasrihi, katin izinin nan da ake ratayawa a wuya. Rumasa'u ta samu aikin girki a wani tanti, aka ba ta katin mata huɗu. Ana gobe tafiya Kabira, ɗaya daga cikinsu, ta kwanta zazzaɓi. Rumasa'u ta ce tuwon mutum ɗari uku ba mai iya masa sai Mailafiya, ya sa abaya da niƙabi ya rataya katin Kabira, wa zai ɗaga fuskar mace a Makka? Ya ce mata idan aka kama namiji ba takarda, jirgi ne. Idan kuwa aka kama shi cikin kayan mata, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Ta yi ta magiya har ya aske gemun, ya sa safar hannu don kada jijiyoyin hannunsa su tona shi.

Wallahi shigar ta karɓe shi, har matan suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Shi kam bai yi dariya ba.

Da hantsin takwas ga wata suka shiga wata motar alhazai da Rumasa'u ta nema musu gurbi, maza a gaba, mata a baya. Bai gama zama ba ya ga kuskuren. Su da suka saba da Makkar sauran watanni, inda niƙabi ke ɓoye mace, sun manta cewa mai harami ba ta sa niƙabi, ba ta sa safar hannu. Mata fiye da ashirin cikin fararen hijabai, kowacce fuska a buɗe, Rumasa'u da 'yan aikinta ma haka. Shi kaɗai ne baƙi wuluk a tsakiyarsu.

Wata tsohuwa 'yar ƙauye da ke gefensa ta dube shi da tausayi.

"'Yar nan, cire wannan abin, kada ki ɓata aikin Hajjinki. Ba a koya muku a bita ba?"

Ya girgiza kai, don in ya buɗe baki muryar ta gama da shi. Rumasa'u ta leƙo ta ce mai aikin girki ce, ba harami ta ɗaura ba. Ina, tsohuwa ba ta ji, kunnen ya yi nauyi. Ta ɗaga murya tana kiran wasu su zo su yi wa baiwar Allah nasiha, hannunta har ya kai bakin niƙabin. Mata suka fara waiwayowa. Gumi ya jiƙa masa baya sharkaf.

Sai motar ta rage gudu. Ta taga ya hango shingen bincike, da askarawa maza, da mata biyu cikin kaki suna shiga motar da ke gabansu, suna duba kati suna duba fuska. Rumasa'u ta juyo, leɓenta ya bushe. Ya san idan aka ɗaga niƙabin nan ba shi kaɗai zai tafi ba, har da ita da sauran biyun, da Kabira da ke kwance a gida ba ta san hawa ba.

Ya sunkuya tsakanin kujeru. Ya zare safar, ya tuɓe niƙabi da abaya ya cusa ƙarƙashin kujera, ya tura wa Rumasa'u katin da ƙafa. Ya miƙe daga shi sai singileti da dogon wando, namiji mai furfura a tsakiyar mata. Tsohuwa ta saki salati ta dafe ƙirji.

"Hajiya, ba ki san ni ba," ya ce wa Rumasa'u ba tare da ya dube ta ba. Ya ratsa ta cikin maza masu harami, ya sauka da ƙafarsa, ya ce wa wani askar da Larabcinsa na kasuwa shi ba shi da tasrihi, ba shi da iƙama, laɓewa ya yi a motar.

Yana tsaye a rana motar ta wuce da Rumasa'u, fuskarta a jikin gilashi tana hawaye.

Kwana tara ya yi a gidan da ake tara waɗanda za a mayar. Ranar da aka zo cike takardun jirgi, ma'aikacin ya ce ya ba da lambar wani nasa a Kano da za a sanar. Mailafiya ya lalubi kansa kaf, daga Fagge har Kurna. Abokan tashar da suka yi girki tare, wasu sun mutu, wasu bai san inda suke ba. Lamba ɗaya ce tak ya haddace. Ma'aikacin ya ƙwanƙwasa biro a tebur yana jira, shi kuwa ya fara karanto lambar Ma'aruf.