Shanun Huɗar Mainasara

Duk manomin Dauran ya san Mainasara mai shanun huɗa. Ga tsada ga baƙar magana, amma in ya ce gobe zai shiga gonarka, to ka kwana da irinka a hannu. Bijimai biyu gare shi, kuma tun zamanin mahaifinsa ga yadda ake yi: da rani manoma su kawo harawa da dusa a ciyar da shanun, da damina a huɗe musu gonaki. Wanda ya fi kawowa shi ne farko, kuma ba a taɓa jin damina ta wuce wani ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a sai ga wani kwamiti da albishir, wai an ware wa yankin tarakta, za ta yi wa kowa huɗa da araha, bi da bi, ba mai kuɗi ba talaka. Shugaban kwamitin, Muhtari, wanda rabon hannunsa da ƙotar fartanya tun yana yaro, ya tsaya ƙofar masallaci ya ce tsarin Mainasara zalunci ne. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ranin nan ko dami ɗaya ba a kawo wa Mainasara ba, kowa ya loda harawarsa a mota ya kai Ƙaura ya sayar.

Mainasara ya ba shanun kara har ya ƙare, ya koma zare dangar gidansa. Haƙarƙarinsu ya fito. Matarsa Saliha ta ce, "Malam, ko ka kai su Shinkafi, ko su mace hannunka." Ranar kasuwa ya kora su da kansa, mahauta suka saya. A hanyar dawowa ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba.

Ruwa ya sauka. Tarakta ɗaya ce tal ga tarin ƙauyuka. Ta fara da gonar Muhtari, ta zarce ta surukinsa, sannan wani ƙarfe ya karye, aka ce sai izini ya zo daga sama. Ta kwanta bakin hanya awaki na shan inuwarta. Ita kuwa ciyawa ina ruwanta da kwamiti? Ta cinye gonaki, har da ta Mainasara, wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

Sai ga masu gyaɗa kai a ƙofar gidansa, maƙwabcinsa Rufa'i a gaba, kamar ba su san shanun sun tafi ba.

"Baba Mainasara, a taimaka muna da huɗa. Ko nawa na, muna biya."

Mainasara ya shiga gida, ya fito da karkiyar shanun, ya jefa a gabansu.

"Ga abin da kunka bar mani. Wuya biyu taka so. Ku kiro Muhtari, ɗayanku shi cika, ni in riƙe garma."