Rariyar da Aka Toshe

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koya wa yara cewa ruwa ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa. Na zana musu rana da girgije a allo a Gagarawa, na sake zanawa a Sule Tankarkar, har alli ya busar mini da yatsu. Ban lura darasin yana gudana a gidana ba sai da aka liƙe shi da siminti.

Banɗakinmu na Gumel a da ba shi da abin nunawa: daɓe ne, da dutsen zama, da rariya a gindin katanga. Kowa ya yi wanka, ruwan ya bi rariyar ya fita, ya kwanta a gindin lemun tsamin da mahaifiyata ta dasa, Allah ya jiƙanta. Ba mu taɓa yi wa bishiyar ban ruwa ba. Mu dai wankanmu muke yi, ita kuma tana 'ya'ya. A unguwar da famfo ke zuwa in ya ga dama, bokiti ɗaya ya yi aiki biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai babban ɗanmu, wanda ke aiki a Dutse, ya ga tsugunno ya fara gagarar iyayensa. Ya kawo magina, aka shimfiɗa tayil fari fat, aka kafa shawa, aka haƙa rami aka rufe, wai sokawe, inda ruwan zai riƙa zurarewa ƙarƙashin ƙasa. Rariya kuwa aka toshe ta. Shawar ba ta taɓa jiƙa kowa ba, don tanki ba ya cika da fatan alheri. Tawul muke ratayawa a kanta.

Da bazara ta kama, ganyen lemun ya fara naɗewa yana zuba.

Na ce wa mai ɗakina, "Ke kina tsaye aka toshe rariyar, me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Ni in buɗe baki in gyara wa wancan aikinsa? Kai da ka ƙare rayuwarka kana surutu a aji, me ka ce?"

Gaskiyarta. 'Yar Fulani ce, shi kuma ɗan fari. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ce ya yi kuskure. Ni ma abin da na ce a ranar bai wuce "Allah ya yi albarka" ba. Alkunya ta rufe bakin mutum biyu, bishiya ta kwashi ƙishirwa.

Daga nan na koma wanka a tsaye cikin baho. In na gama, in tattaro ruwan, in ɗauko, in kewaya bayan ɗaki, in juye a gindinta. Tayil santsi, gwiwa ta ƙi, rabin ruwan a zanena yake ƙarewa.

"Malam, jariri ya dawo ke nan?" in ji mai ɗakina. "Ko a nemo ungozoma ta gasa maka cibi?"

Na wuce da bahona ina haki.

Haka na yi ta yi har ƙaramar salla, da ɗan namu ya zo gida. Da hantsi ya gan ni na fito rungume da baho, ina tafiyar hawainiya.

"Baba, shawar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau," na ce. Kuma ban yi ƙarya ba.

Uwarsa tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta ce da tire, "A gaya wa wancan, bishiyar kakarsa ƙishi take ji."

Ya je ya daɗe tsaye a gindinta. Ya fita, ya dawo da guduma da kurfi, ya fasa tayil ɗinsa da hannunsa, ya buɗe rariyar.

Sai dai magina sun karkatar da daɓen wajen sokawe. Yanzu in an gama wanka sai a bar tsumma a bakin ramin sokawen, a sunkuya a koro ruwan da tsintsiya zuwa rariya. Ɓarin bishiyar na yamma ya riga ya bushe, bai kuma dawo ba. Na gabas ya yi toho. Bana mun tsinki abin da ya ishi kunu, ban da kyautar maƙwabta. Bayana ne dai har yau bai yafe wa kowa ba.