Malam Sale Mai Auna Ƙofa

Duk wanda ya san Malam Sale Mai Kwafi ya san bututunsa. Guntun bututun roba ne irin na masu gyaran famfo, ya yi baƙi ƙirin saboda riƙo. Ba ya dogara shi, ba ya korar kare da shi. Ƙofa yake aunawa. In ya zo shiga shago, ko ofis, ko ma gidan suna, kafin ya yi sallama sai ya gitta bututun nan a bakin ƙofa. In ya wuce, ya ce, "Madalla." In ya maƙale, ya dubi mai wurin ya girgiza kai.

"To, ta ina zai shiga?"

"Wa, Malam?"

"Mai keke mana!"

Tsawon bututun daidai faɗin keken guragu ne, da ɗan ƙari saboda gwiwar hannu.

Ni ne Modu, mai kemis ɗin da ke jikin shagonsa a Mairi, kuma na yi shekaru ina kallon wannan abu. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Bafulatanin Kano ne da ya zo garin nan tun yana saurayi, ni kuwa Babarbare, don haka kun san yadda muke: kullum da safe sai an yi gardamar waye ubangidan wani kafin a buɗe shago. Likita yake ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

A shekarun da sai mutum ya ɗaga hannu sama kafin ya wuce shingen sojoji, na ce masa, "Malam, ka bar bututun nan a gida. Yanzu ba a yawo da abu mai rami a garin nan." Ya ce bututunsa bai yi wa kowa laifi ba. Ranar da aka tsare shi ina bayansa. Aka daka masa tsawa ya ajiye, ya ja da baya. Aka leƙa ramin, aka girgiza, aka tambaye shi na mene ne. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Da aka miƙa masa abinsa, wallahi sai ya duƙa ya gitta shi tsakanin buhunan yashin shingen, ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, naku ma bai kai ba." Ni dai na wuce kamar ban taɓa ganinsa ba.

Kada wani ya ce tausayi ne ya fara kai shi ga wannan harka. Wane tausayi? Mutumin da ke zare fin daga tsofaffin takardu yana miƙe shi da haƙori yana tarawa a gwangwanin madara! Kwastoma ce ta kuɓuce masa.

Shagonsa yana da matakala uku, kamar nawa, saboda ruwan damina. Wata safiya wata ɗalibar jami'a ta zo a keke da kundin kammala karatunta, ɗauri guda. Ta tsaya a ƙasa cikin rana tana ta sallama, janareta yana ruri, ba wanda ya ji. Da ta gaji ta juya, ta tsallaka titi wurin wani mai kwafi da injinsa ke gindin bishiya. Ni na gani, kuma ni na kai masa labari, don kawai in ɓata masa rai. Na ce kwafi huɗu take so, har da ɗinki. Ya ajiye kofin shayinsa. Ranar bai ci abincin rana ba.

Washegari ya kira magini ya yi masa gangara. Magini ya faɗi kuɗi, Malam ya ce shi ba gada ya ce a gina masa ba. Ya je gida ya ciro tsohon ƙyauren banɗaki, ya jingina a kan matakalar, ya buga ƙusa huɗu, ya koma gefe yana yaba aikinsa.

A bakin layinmu akwai Usman mai gyaran takalma, wanda shan-inna ya taɓa wa ƙafafu tun yana ƙarami, a keke yake zuwa aiki. Ya dubi ƙyauren nan a tsaye kamar tsani, ya ce, "Malam, wannan ko akuya sai ta yi shawara."

"Hassada ce. Ara mini keken in nuna maka."

Usman ya sauka ya zauna a tabarmarsa. Hawa dai ya gagara, don haka Malam ya sa muka ɗaga keken muka ɗora a sama, wai zai fara gwada sauka. Ya tattare babbar riga, ya yi Bismilla. Kai! Ban taɓa ganin Bafulatani da sauri irin na ranar ba. Ya wuce tabarmar Usman, ya wuce mai rake, sai cikin kwata, hula gabas, takalmi yamma. Na ruga da aidin da auduga. Yana kwance a ciki ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya nan, Likita. Kyauta ne ko sayarwa?"

Usman kuwa ƙafar kekensa yake dubawa.

Amma a yi masa adalci. Da ya wanke jikinsa ya zo ya zauna a tabarmar Usman, ya ce, "To, yaya ake yi?" Usman ya ce da ya tambaya tun farko da bai sha ruwan kwata ba. Gangara ta yi tsawo ta kwanta, ta bi jikin bango. Kada a goge simintin ya yi sulɓi. A bar fili a sama inda keke zai juya. Teburin karɓar aiki ma ya yi tsawo, wanda ke zaune ba ya ganin fuskar mai shago, sai dai ya yi magana da katako. Usman ɗin ne ya yanka masa bututun nan da wuƙarsa ta aiki. Malam ya sa zarto ya rage ƙafafun tebur, ya adana guntayen. Magini ya dawo, aka sha ciniki kwana uku.

Ni kuma sai ya dawo kaina. Ya daina hawa matakalata. In rana ta take, layi ya cika da mutane, sai ya tsaya a ƙasa ya buɗe murya: "Likita! Maganin basir!" Kowa ya juyo. Gobe kuma ya ce na ƙaiƙayi, ya faɗi wurin. Na ce, "Haba Malam, ka san lafiyarka ƙalau, me ya kawo wannan tonon silili?" Ya ce, "Haka mai keke yake sayen magani a wurinka. Sai duk unguwa ta ji ciwonsa." Na daure wata biyu. A na uku na kira maginin.

Da al'amura suka tsananta, abu yana tashi a kasuwanni da tashoshi, mu masu shagunan layin muka yanke shawarar jera duro cike da siminti a bakin titi, kada mota ko Napep ta matso kusa. Ba wanda zai ce ba daidai ba ne. Babu ɗaya a cikinmu da bai raka wani makabarta ba a shekarar. Aka bar 'yar kafa guda, mutum ya bi a tsaye a laluba shi. Malam ya gitta bututu, ya maƙale.

A wurin taro shugabanmu, Alhaji Mala mai kayan gini, ya ce, "Malam Sale, muna maganar rai kana maganar keke."

"Wanda ke kan keken, gawa ne?"

Aka ce mai son a faɗaɗa kafar ya ɗaga hannu. Shi kaɗai ya ɗaga. Ni ma ban bi shi ba, tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana biyu Usman bai iya isa wurin sana'arsa ba. A rana ta uku da sassafe ya zo da abokansa shida, kowa a kekensa. Ya tura nasa cikin kafar nan har ya maƙale, sauran suka yi layi a bayansa. Ba shiga, ba fita. Alhaji Mala ya iso da makullai a hannu.

"Usman, matsa mana!"

"Alhaji, ni ma so nake in matsa. Gaba ba hanya, baya ga jama'a."

Malam ya rantse ba shi ya shirya ba, kuma gaskiya ne, dabarar Usman ce. Abin da Malam ya yi kawai, ya tsayar da wata Napep a titi, ya gitta mata bututu a gaban kowa. Ta fi bututun faɗi sosai. Aka taru aka mirgina duro ɗaya kaɗan. Keke yana wucewa, a laluba mai shi kamar kowa, Napep ba ta wucewa. Murna ta kama Malam har ya sayi ruwan leda uku ya ce mutum bakwai su raba. Usman yakan ce ranar ce kaɗai suka taɓa shan abin Malam, shi ma bai kai maƙogwaro ba.

Sai maganar Falmata. Tana cikin waɗanda suka gudo daga garuruwan waje, da 'ya'ya biyu da tsohuwarta. Mijinta bai iso ba. Kurma ce, ta yi makarantar kurame, in tana buga kwamfuta kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Shago uku ta je neman aiki, kowa ya ce yaya za ta yi da kwastoma. Malam ya ba ta shafi ɗaya ta buga, ya dubi agogo, ya nuna mata kujera. Ya leƙo kemis yana murmushi. "Likita, ba ta amsa waya, ba ta hira, janareta ba ya damunta. Ina ma zan sami biyu!"

Maganar kwastoma kuwa, allo da alli ya ajiye a kan tebur, magana ta ƙare. Shi kuma ya ce sai ya koyi maganar hannu, ita ce malamarsa. Wata guda cur yana yi mata wata alama da safe, a zatonsa ina kwana yake cewa. Sai da ta gaji ta rubuta masa cewa kifi yake ce mata. Bai daddara ba. A hankali dai suka samu abin da suke fahimtar juna da shi, rabi na makaranta, rabi ƙirƙirar Malam.

Wata rana da hantsi abu ya tashi ba nisa da mu. Kwalaben kemis suka zubo ƙasa. Kowa ya watse. Na tsinci kaina a bayan masallaci, sai ga Malam a gabana, da shekarunsa ya riga ni. Yana cikin haki sai ya dafe kai.

"Falmata!"

Ya juya da gudu, ba takalmi. Ya same ta tana bugu abinta. Ta ji girgiza, amma teburinta bango yake kallo, ta ɗauka janareta ne ya sake yin halinsa. Ya kaɗa mata hula a gaban fuska, suka fito.

Abin ya tsaya masa a rai. Wani ya ce ya sa mata jan ƙwan lantarki. Ya ce da wace wutar? Ya samo jan tsumma ya ɗaure a igiya, ya zarga ta jikin ƙusa a silin, ya kawo ƙarshen gefen kujerarsa. In an ja, tsumma ya faɗo gaban kwamfuta. Ya gwada ya fi sau goma, ya kira ni in zo in ga aikin hankali. Falmata ta dubi igiya, ta dubi kujera, ta ɗauki alli ta rubuta: "Malam, kai ka fara gudu. Wa zai ja?"

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya kwance igiyar ya mayar da ita bakin ƙofa, inda mai gudu zai fizga yana wucewa. Ita kuma ta sa aka juya teburinta ya fuskanci titi, abin da da an fara da shi da ba a sha wahalar igiya ba. Sau biyu aka ja igiyar da gaske bayan nan. Duka biyun Falmata ta riga shi fita.

Ba bam ne ya ɗauke shi ba. Hawan jini ne, wanda na yi shekaru ina ce masa ya sha magani yana cewa ciniki nake nema. Ya faɗi a shago, ɓarin jiki ya shanye, baki ya tafi. A asibiti iyalinsa suka kewaye gado, yana ta motsa hannun hagu. Aka ɗauka wasiyya ce, babban ɗansa har ya nemo biro da takarda. Ba wanda ya gane komai. Na aika aka zo da Falmata da tsohuwarta. Ta tsaya a ƙarshen gado ta dubi hannun, ta karɓi biron ta rubuta: "Ya ce duk kuna nan, wa aka bari a shago?"

Muka yi dariya, har matarsa, tana yi tana share ido da mayafi. Sai ya sake motsa hannun, a hankali, ya ɗan daɗe. Falmata ta amsa masa da nata. Ɗan ya miƙa mata takarda. Ta girgiza kai, ta mayar masa da bironsa. Wannan ba ta rubuta ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan kwana biyu ya cika, ana kiran la'asar. Shagon yana nan, ɗansa ne a kujera, amma kowa ya san wadda ke riƙe da shi.

Allah ya jiƙan Malam Sale. Allah ya yafe masa rowarsa da taurin kansa, ya haskaka makwancinsa, ya shirya masa zuri'a. Ya zaunar mana da garinmu lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.