Madarar da Muka Jira

Wani wari ne ya tsayar da ni, irin na ashanar da aka ƙyasta ta ƙi kamawa. Na raka 'yata da 'yan ajinsu gidan kimiyya a birni, inda ake barin yara su taɓa komai. Akwai wata ƙwallon ƙarfe, ka ɗora hannu gashinka ya miƙe, ka kai yatsa ta yi tartsatsi. Yara sai dariya suke. Ni kuwa sai ga ni ina yarinya a gonarmu ta bayan Gozaki, da marka, dawa ta kai ƙugu.

Ranar mun kai wa Baba abinci, ni da Inna da Kaka mahaifiyarsa. Hadari ya haɗo, ya ce mu yi gaba, zai ƙarasa huɗar da ya fara. Ba mu yi nisa ba aka yi wani haske. Da muka waiwaya yana kwance, garmarsa a gefe, warin nan ya cika gona.

Inna ta yi kansa a guje, Kaka ta rirriƙe ta. Ka san a wurinmu ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa sai an yayyafa masa madarar shanu, wai wutar tana bin hannu.

"Bari, 'yar nan," in ji Kaka, "kada in rasa biyu."

Ƙanin Baba, da ke gonar kusa da tamu, ya sheƙa ruga neman madara. Muka kewaye Baba cikin ruwa, ba mai matsawa. Har yau ina ganin yatsun ƙafarsa suna motsi. Kafin madara ta iso sun daina.

A gidan kimiyyar na ja matar da ke yi wa yara bayani gefe, na tambaye ta ko ana taɓa wanda tsawa ta faɗa wa.

"Hajiya, ai wutar ba ta zama a jiki," ta ce. "Nan take ake kama mutum a danna masa ƙirji. Da yawa suna farfaɗowa."

Ban ga laifin Kaka ba. Ɗanta ne, kuma abin da ta tarar ta yi. Rai na Allah ne, na sani. Amma yau ɗan firamare ya san abin da dattawan gari guda ba su sani ba, kuma sanin nan ya fi mini rashin sanin nauyi.

Inna tana Malumfashi yanzu wajen yayana, ta tsufa ƙwarai. Da muka je gaishe ta, ta tambayi abin da muka gano a birni. 'Yata ta buɗe baki da ɗoki, na dafa kafaɗarta.

"Wasan yara ne kawai, Inna," na ce.